Idan Likita Ya Ce a Fara Jinyar Tunani

 

A gidajenmu akwai waɗanda baƙin ciki ya danne, barci ya ƙaurace musu, tsoro ya hana su zuwa kasuwa ko sujada. Wani lokaci likita yakan ce a fara jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake taƙaita sunanta da CBT. Nan sai hankalin iyali ya tashi. Shin hauka ne? Ko bangaskiyarmu ce ta kasa? Ko ɗaya.

Wani likitan Amurka, Aaron Beck, shi ya tsara wannan hanya a shekarun 1960. Ya lura cewa masu ciwon damuwa sukan yi wa kansu mugun hukunci nan take, ba tare da sun auna shi ba. Tunanin ya ɓata rai, ɓacin ran ya sa mutum ya janye jiki, janyewar kuma ta ƙara wa tunanin ƙarfi.

Ga abin da za ka tarar. Ranar farko yawanci tambayoyi ne: yaushe abin ya fara, yaya barcinka, me kake so ya canza. Ba allura, ba ɗauri. Akan zauna kusan awa ɗaya, sau ɗaya a mako, sau da yawa zama 6 zuwa 20. Abin da ka faɗa asiri ne, sai dai in rai yana cikin hatsari. In ka fi sakewa da Eggon, ko Mada, ko Gwandara, ka faɗa tun farko, ka nemi tafinta da ka amince da shi.

Sa'an nan za a koya maka auna tunaninka. A ce maƙwabciya ta wuce ba ta amsa gaisuwarki ba, zuciya ta ce, "Kowa ya tsane ni." Mai jinyar zai tambaye ki: mene ne shaida? Ko ba ta ji ba? Wa ya leƙo ki jiya? Za a kuma ba ki aikin gida: ki rubuta abin da ya faru, abin da kika yi tunani, da yadda kika ji. In rubutu da wuya, ki ɗauki muryarki a waya. Wataƙila a ce ki je kasuwa na minti 10, gobe ki ƙara. Makonnin farko sukan yi nauyi, gama taɓa gyambo da zafi. Kada ki daina zuwa, ki gaya wa mai jinyar. In likita ya ba da magani, kada a tsayar da shi sai da izininsa.

Ku tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu daga Yezebel, ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi. A Dutsen Horeb ya tambaye shi, ya saurare shi. Iliya ya tabbata shi kaɗai ya rage, amma Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma ba shi aikin yi. Abin da Iliya ya ji a ransa da nauyi yake, amma lissafinsa ba daidai ba ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, addu'a da zuwa asibiti ba abokan gāba ba ne. Fara tambaya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Akwai kuma asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna. In tunanin kashe kanka ya zo, kada ka jira ranar zama, ka gaya wa wani yau, a kai ka asibiti.

Ku iyali, ku raka shi, ku tuna masa aikin gida, ku daina ce masa ya daure kawai. Ubangiji ya ba ku salama. Sai mun sake saduwa.