Hanci da Halshe, Masu Gadin Jiki

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Madawa da Buza da Keita. Darasinmu na yau a kan hanci da halshe yake. Kowa ya gyara zama.

Matar da ta iya girki ba ta bukatar buɗe tukunya ta san miya ta nuna. Mai sayen albasa a kasuwar Madawa, kafin ya kwance buhu, hancinsa ya gaya masa ko akwai ruɓaɓɓa a ciki. To, yaya hanci yake wannan aiki?

Duk abu mai ƙamshi ko wari yana sakin ƴan ƙwayoyi cikin iska. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In mun shaƙi iska, sai su hau can saman hanci, su maƙale a wata fata mai danshi. A wannan fata akwai jijiyoyi miliyoyi. A bakin kowace jijiya akwai wani abu kamar kwaɗon ƙofa, masana suna ce masa mai-karɓa. Ƙwayar ƙamshi ita ce mabuɗi. In mabuɗi ya dace da kwaɗo, sai jijiya ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

An daɗe ba a san sifar waɗannan masu-karɓa ba. Sai a shekarar 1991 wasu masana biyu na Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano su. A 2004 aka ba su babbar kyautar Nobel saboda wannan aiki. Yanzu an san ɗan Adam yana da masu-karɓa iri wajen 400, ɓera kuwa yana da wajen 1,000. Kowace jijiya iri ɗaya tak take ɗauke da shi.

Wani zai ce, da iri 400 yaya muke rarrabe ƙamshi dubbai? Ku dubi allonku. Ku rubuta gero, ku rubuta goro, ku rubuta gora. Harufa kaɗan ne, amma kalmomi uku suka fito, kowace da ma'anarta. Haka hanci yake. Ƙamshin gabu yana taɓa wasu masu-karɓa, ƙamshin daddawa ya taɓa wasu, wasu kuma duka biyun suna taɓa su. Ƙwaƙwalwa ita ke haɗa su ta karanta, kamar yadda kuke haɗa harufa. Ashe kowannenmu ya daɗe yana karatu da hancinsa.

Sai halshe. Shi ɗanɗano biyar ya sani: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da garɗi irin na romon nama da daddawa. Wannan na biyar wani masani ne na ƙasar Japan, Kikunae Ikeda, ya bayyana shi a 1908. Kowane ɗanɗano yana da nasa masu-karɓa, kuma ba su rabe wuri ba: gaba da gefe da bayan halshe duk suna jin biyar ɗin.

Abin lura shi ne, mai-karɓar zaƙi iri ɗaya ne, amma na ɗaci sun kai wajen 25. Dalili, yawancin tsirrai masu dafi ɗaci gare su, saboda haka aka yawaita masu gadi a wannan ƙofa. Mutanen Buza sun san dogon yaro, wanda aka fara jerawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska. Ɗacin ganyensa kariya ce ga icen daga ƙwari. Shi ya sa yaro yake tofar da magani mai ɗaci. Iyaye mata, ba taurin kai ba ne, halshensa ne yake aikinsa. A lallashe shi, a ba shi maganin har ya cika kwanakin da likita ya faɗa.

Yajin tonka fa? Ba ɗanɗano ba ne. A 1997 David Julius da abokan aikinsa suka gano tonka yana taɓa mai-karɓar da ke jin zafin wuta ne, wanda yake farkawa in zafi ya wuce digiri 43. Don haka mai cin yaji yake gumi, ko da tuwon ya huce. Hawayen albasa ma haka suke. In wuƙa ta yanka ta, sai wani tururi mai sinadarin farar wuta ya tashi, ya taɓa jijiyoyin zogi na ido, ido kuma ya kawo ruwa don ya wanke kansa.

Yawancin daɗin abinci daga hanci yake zuwa. In muna tauna, ƙamshi yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci. Shi ya sa mai mura yake cewa miya ba daɗi, alhali majina ce ta toshe hanya. Kada maigida ya ga laifin uwargida. A 2020 cutar korona ta hana mutane da yawa jin ƙamshi, amma yawancinsu sun warke. Tsufa ma yana rage jin ƙamshi. In tsoho ya rage cin abinci, a kula da shi, kuma wani ya riƙa duba masa ko abincin bai lalace ba.

Yanzu ga gargaɗi, ku riƙe shi da kyau. Abin da ba shi da mabuɗi, kwaɗo ba ya jin zuwansa. Gawayi mai ci yana fitar da wata iska mai kisa wadda ba ta da wari ko kaɗan. Lokacin ɗari kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe. Ruwan tabki ko na rijiya buɗaɗɗiya yana iya zama garau, ba wari, ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da ƙwayoyin amai da gudawa. A tafasa shi ko a sa masa maganin ruwa. Masu lambun albasa a gulbin Tarka, galan da aka zuba maganin ƙwari, ko an wanke shi wari ya fita, kada a sake zuba masa ruwan sha ko mai. Gas na girki kuwa, da gangan ake sa masa wari. In kun ji shi, ku buɗe ƙofa, kada ku kyasta ashana.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya toshe hancinsa, ya tauna ɗan mangwaro ko dabino, sannan ya saki hancin. Ku gaya wa malaminku abin da kuka ji. Ku rubuta sunayen ɗanɗano biyar a littafinku. Sannan ku tattauna wannan tambaya: a garinku, waɗanne haɗurra ne hanci ba ya iya ji?

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.