Yaya Ake Sanin Shekarun Zanen da Ke Jikin Dutse?



Mutanen Shinkafi da Zurmi ba baƙin Azbin ba ne. Daga can ayarin gishiri ke gangarowa, kuma daga can Gobirawa ke cewa kakanninsu suka taso. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Christian Dupuy ne ya sanar da masana labarinsu a 1987. Duk wanda ya gan su sai ya tambaya, yaushe aka yi wannan aiki?

Amsar tana da wuya. Gwajin kabon, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro har ya sami kyautar Nobel a 1960, yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, irin su gawayi da ƙashi da itace. Sassaƙa kuwa rami ne a dutse, babu abin da za a kankaro a kai ɗakin gwaji.

Saboda haka masana irin su Henri Lhote, wanda ya yi aiki a Tassili ta Aljeriya a 1956, suka kasa zane-zanen Sahara bisa dabbobin da ke ciki. Da farko zamanin namun daji, lokacin da giwa da dorina da ɓauna ke yawo inda yau sai yashi. Sai zamanin shanu, sai na doki, sai na raƙumi, wanda ya yaɗu kimanin shekara 2,000 da suka wuce, sau da yawa tare da rubutun Tifinag na Buzaye. Rabon yana da amfani, amma ina jan kunnen ɗalibai, zuwan doki bai hana mutum zana saniya ba.

Akwai wata hujja da makiyayanmu za su gane nan take. Bunaji da Rahaji da Gudali duk masu tozo ne. Amma yawancin shanun da aka zana da jan launi a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu, waɗanda Bernard Fagg ya nazarta a shekarun 1950, ba su da tozo. Wato masu zanen sun san wani irin garke dabam da wanda ke cika kasuwar Shinkafi.

Ana kuma duba wane zane ya hau kan wane, domin na ƙasa ya riga na sama. Ana duba baƙar tsatsar da ke rufe dutse a hankali, tsohon rami ya yi duhu, sabo yana da haske.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Iwelen, a Azbin. Can Jean-Pierre Roset ya tono kufai a gindin duwatsun da aka zana mutane riƙe da mashi, da kekunan doki. Ya sami tsinin mashi na jan ƙarfe, siffarsa ɗaya da wanda ke jikin dutsen, kuma gwajin kabon ya nuna mazaunin ya haura shekara 2,000. Ƙasar da ke gindin dutse ce ta ba zanen shekaru.

Shi ya sa nake roƙon masu fasa dutse da masu haƙar zinariya da ɗaliban kwalejin kimiyya ta Kaura Namoda. In kun ga zane a dutse, a Dutsi ta Zurmi ko a Kwatarkwashi ko a wani wuri, kada ku goge shi, kada ku bi shi da alli ko gawayi don hoto ya fito, kada ku tona gindinsa. Ku ɗauki hoto, ku sanar da hakimi, a kai labari ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ko masana kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.