Zomo Ya Shigo Gida

Yau zancen zomo za mu yi. Sau da yawa maigida ko yaro ne zai dawo da shi daga kasuwa, yara su yi murnar kwana biyu, daga nan ɗawainiyar ta koma kan uwargida, tunda ke ce kullum a gida.

Kada ki sake shi a tsakar gida. Zomo mahaƙi ne, in gidan ƙasa ne zai haƙa rami ta gindin katanga, sai dai ki ji labarinsa a maƙwabta. Ga kyanwa, ga ɓera mai cinye 'ya'yansa. Ki sa maigida ya kai wa kafinta ya haɗa akurkin katako da ragar waya, tsawo kamar santimita 90, faɗi 60, a ɗaga shi daga ƙasa don kashi da fitsari su riƙa zubowa. A shimfiɗa ɗan allo a gefe guda, saboda tsayuwa kan waya kullum tana yi masa gyambo a ƙafa.

Inda za ki ajiye akurkin ya fi akurkin kansa muhimmanci. Zomo ya fi jure sanyin hunturu a kan zafin bazara, domin ba ya gumi irin namu, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki. A watan Maris da Afrilu, rana ɗaya ƙarƙashin kwano tsirara ta isa ta kashe shi. Ki nemi inuwar darbejiya ko rumfa mai shan iska, nesa da hayaƙin murhu. In kin ga ya miƙe yana haki, ki jiƙa buhu ki rufa saman akurkin, ki shafa masa ruwa a kunne.

Akwai masu cewa wai zomo ba ya shan ruwa. Ba haka ba ne, 'yar uwa, yana sha sosai, musamman mace mai shayarwa. Ki zuba a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, ki canja safe da yamma.

Abincinsa kuwa, ciyawa da harawa su ne gaba, kada su yanke, don haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Harawar gyaɗa ko ta wake, ganyen dankali, zogale, sai 'yar dusa cikin tafin hannu. Ɗanyen ganye ki bar shi ya ɗan yi yaushi a inuwa, sabon abinci kuma kaɗan-kaɗan ake fara ba shi, in ba haka ba zawo ko kumburin ciki, kuma zomo ba ya iya amai. Ban da albasa, ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa, sauran tuwo, da duk abin da ya yi fumfuna. Yaran da kike aika yanko ciyawa ki ja musu kunne su guji gonar da aka yi wa feshi. In kin gan shi yana cin wani kashinsa mai laushi, ki ƙyale shi, halittarsa ce, abinci yake ƙara samu.

Ki hana yara ɗaukarsa ta kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe gindinsa, don in ya yi wutsil-wutsil yana iya karya bayansa.

In mace da namiji aka kawo, ki raba musu ɗaki. Macen ake kai wa namiji, in aka yi akasin haka faɗa za ta yi masa. Cikinta kwana 31 ne ko kusa da haka, kwana 3 kafin nan ki sa mata akwati da busasshiyar ciyawa. Sau ɗaya ko biyu take shayarwa a wuni, kada ki ɗauka ta yasar da su.

Zomon da ya wuni bai ci ba, ko kunnensa ya yi ɓamɓaroki, a kai shi wurin malamin dabbobi a ranar, kada a kwana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.