Naushi Mai Nauyi da Ƙafa Mai Sauri

Ranar 30 ga Oktoba, 1974, George Foreman ya shiga fagen dambe a Kinshasa da nasara 40 a jere, 37 daga cikinsu bai bari an kai turmin ƙarshe ba. Abokin karawarsa Muhammad Ali ya jingina da igiya, ya rufe fuska da damatsa, ya bar shi yana ta jibga har ya galabaita. A turmi na 8 Ali ya kai shi ƙasa.

A 2021 Oleksandr Usyk na Yukren ya tunkari Anthony Joshua a Landan. Joshua ya fi shi tsayi da nauyi, amma Usyk bahago ne mai sauƙin ƙafa. Ya riƙa kewaya shi, ya kai naushi ya goce, har alƙalai uku duk suka ba shi nasara. A 2024 ya doke Tyson Fury a Riyadh.

Sai dai mai ƙarfi ba a shan masa alwashi. A 1994 Foreman, yana da shekara 45, Michael Moorer na gaba da shi a maki, ya sauke wa Moorer hannun dama a turmi na 10, ya karɓe kambun duniya.