Yadda A Ke Ɗora Bangon Katako Bisa Bangon Tubali

Yau zancenmu na gini ne, ginin kuwa na ƙasar Ingila.

A can fili yana da tsada ƙwarai. In iyalin mutum suka yi yawa, gida ya yi musu kaɗan, sau da yawa ba shi da wurin ƙara ɗaki a gefe, sai ya dubi sama. Tsakanin silin da rufi akwai wani sarari mai duhu inda a ke jibge tarkace, shi a ke gyarawa ya zama ɗakin kwana. Amma gidaje da yawa da aka gina wajen shekarar 1930 rufinsu ya gangaro ta gaba da baya da gefe, har mutum ba ya iya miƙewa sai a tsakiya. To, sai a kware rufin gefen, a ta da bango mai kusurwa uku, tun daga kan tsohon bango har ƙololuwar rufi.

Galibi da katako a ke yinsa, gama ya fi tubali sauƙin nauyi nesa, harsashin gidan kuwa ba domin ƙarin kaya aka haƙa shi ba. Duk da haka ba a fara aiki sai injiniya ya duba harsashi da bango, ya yi lissafi, ma'aikacin hukuma kuma ya riƙa zuwa yana dubawa.

Ku lura, wurin da katako ya gamu da tubali, nan ne aikin ya ke gyaruwa ko ya ɓaci. Abokan gābansa uku ne: laima da iska da wuta.

Na fari laima. Tubali yana shan ruwan sama, katakon da ya zauna a kansa kuwa sai ya ruɓe a ɓoye, mai gida bai sani ba. Saboda haka magini ya kan cire tubalan da suka yi girgiɗi, ya daidaita kan bangon da siminti, ya shimfiɗa leda mai kauri wadda ruwa ba ya ratsa ta. Sa'an nan ya kwantar da doguwar katako wadda aka jiƙa da maganin ruɓa. Bisa wannan a ke kafa ginshiƙai, tsakanin kowane biyu santimita 40 ko 60.

Na biyu iska. Bangon nan yana can sama, ba abin da ya kāre shi, iska tana tura shi tana kuma fizgarsa. Nauyinsa kaɗai ba ya riƙe shi. Sai an ɗaure katakon ƙasan ga tubali da maɗaurai na ƙarfe mara tsatsa, tsawon kowane mita 1, tsakaninsu kada ya wuce mita 2. A kuma haɗa bangon da rufi da daɓen ɗakin, a buga masa faffaɗan falanki a waje domin kada ya karkace. Inda babban ƙarfen ƙololuwa zai sauka, a sa ginshiƙi mai kauri ya kai nauyin har kan tubali.

Na uku wuta. Mutanen Ingila ba su manta da gobarar da ta cinye yawancin tsohon birnin Landan a 1666 ba, wadda bayanta aka yi doka a 1667 cewa da tubali ko dutse za a sāke ginin. Yau an yarda da katako, amma in bangon bai kai mita 1 daga iyakar maƙwabci ba, dole a lulluɓe shi ciki da waje da allunan da ke tsare wuta.

Bayan wannan a kan cusa abin tsare sanyi tsakanin ginshiƙai, a rufe waje da fale-falen yumɓu ko shafe, har baƙo ya zaci da shi aka gina gidan.

Kun ga, duk abin da ke riƙe da bangon nan ɓoye ya ke, in an gama ba mai ganinsa. Nan ne mai ha'inci ya kan rage ƙarfe, mai gaggawa ya manta da leda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda zai kwantar da 'ya'yansa a ɗakin nan, ya hau ya duba da idonsa tun ba a rufe ba.