Jawabin magatakarda: motar da ke tari a kan hawa



Har yau yawancin kayanmu a bayan tsofaffin a-kori-kura suke tafiya, Peugeot 504 da Hilux masu shan fetur. Kukan da ya fi zuwa ofishinmu shi ne: mota na silo lafiya lau a Didaouré, amma da an taka totur a hawan Alédjo ko na Défalé sai ta kama tari tana fizga.

Galibi ɗayan biyu ne: ko mai ba ya isa, ko wuta ta yi rauni. A silo inji kaɗan yake sha, shi ya sa ciwon yake ɓuya. To mu fara da mai araha. A canza filtar mai, don man kwalba na bakin titi yakan zo da ruwa da datti. A wanke karbureta. A kakkaɓe filtar iska, musamman da hunturu. Sannan a duba buji da wayoyinsa, murfin delko da bobin. Kada mu yarda a buɗe inji kafin a gama da waɗannan.

Tun Yunin 2022 aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes. In mota ta mutu tsakanin Dapaong da Mango bayan magariba, tumatir zai ruɓe, direba da yaronsa kuma su kwana a daji. Roƙonmu shi ne a gwada kowace mota a kan hawa kafin lodi, buji da filta kuma su zama guzuri.

Allah ya tsare hanya, ya maimaita mana.