Ginin Wata Guda Cikin Daƙiƙa 12: Naɗe Lokaci da Kyamarar da Ke Hannunka

Ga taƙaitaccen jawabin da muka gabatar a filinmu na fasaha a wannan mako.

A Vittin, gefen birnin Tamale, ko'ina ka duba bulo ne da yashi. Gidaje da yawa kuɗinsu daga nesa yake zuwa: ɗan'uwa a Kumasi ko Ankara, wani a Italiya. Mai aiko kuɗi yana son ya ga aiki, magini kuma yana son a yarda da shi. Hoto ɗaya ba ya raba gardama, don ana iya ɗaukarsa a ginin wani. Amma bidiyon da ke nuna bango yana tashi daga fandisho zuwa linta, a wuri ɗaya, shaida ce mai wuyar musantawa. Shi muke kira bidiyon naɗe lokaci.

Za ka ce kyamararka ba ta da wannan tsarin. To, ba komai. Bidiyo ai hotuna ne jere, kamar 25 a kowace daƙiƙa. Ka ɗauki hoto 10 a rana, ɗaya duk awa, har kwana 30: hotuna 300 ke nan, bidiyon daƙiƙa 12. In gajimaren damina kake so, hoto ɗaya duk daƙiƙa 10 na tsawon awa guda zai ba ka 360, wato daƙiƙa 14 da ɗoriya.

Wa zai riƙa latsawa? Aikin gini kai ma za ka iya, da ƙararrawar agogon waya. Mai gajeren tazara kuwa, akwai 'yar na'urar ƙidayar lokaci da ake jona wa kyamara a mazaunin rimot. Mai wayar Android ya sauke Open Camera, kyauta ce, tana maimaita ɗauka bisa tazarar da ka sa mata. Sannan a jera hotunan a manhajar haɗa bidiyo. Wasu bidiyo suke ɗauka su ƙara masa gudu, amma wannan yana cinye memori da batir, ga shi a zafin Maris na Tamale waya kan yi zafi ta tsaya.

Abu uku ka riƙe. Na farko, kada kyamara ta motsa. In babu mariƙi mai ƙafa uku, a kafa katako a jikin bango, a yi alama da fenti, kullum nan za ta zauna. Na biyu, ka kulle saitin haske da fokas da hannu. In ka bar mata zaɓi, bidiyon zai riƙa walƙiya kamar fitila mai shirin mutuwa. Na uku, lokacin hunturu ka goge gilashin kowace safiya da ƙyalle mai laushi, don ƙura ba ta da sabo.

Sai batun mutunci. Ka sanar da leburori kafin ka fara, kuma kada kyamara ta leƙa tsakar gidan maƙwabta.

Kai mai aiko kuɗi, ku yi wannan yarjejeniya da maginin tun kafin a zuba siminti na farko. In aka bari sai zargi ya shiga, an makara. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.